Kwale-kwale a Kan Tudu

"Ku karkata shi ta hagu," in ji Baba Masassaƙi, "a hankali, ba gungumen girki ba ne."

Ƙarti shida suka karkata, suka tura, ƙofar ta ce ba ta san zancen ba. Hancin kwale-kwalen ya leƙa titi, cikinsa ya cije a tsakanin ginshiƙai. Ina tsaye kan turmi ina leƙe ta katanga, don ni ba a yin abu a maƙwabta ban gani ba.

"Baba, yatsa huɗu ya rage," in ji ɗansa, yana haki. "Ka ɗan rage masa haƙarƙari mana."

"In na rage, ya zama akushi. Kai za ka shiga kogi da akushi?"

Su Baba mutanen bakin kogi ne. Shekarar da ruwa ya cinye garinsu suka hawo tudunmu, suka kama haya a gidan da ke jikin nawa. Ɗan, wanda da masunci ne, ya koma fasa dutse. Baba kuwa ya kasa zama. Ya fita, ya dawo, ya zauna, ya miƙe, kamar mai jiran baƙo. Ran nan sai ga shi ya sa an jawo wani ƙaton gungume har tsakar gida, ya ɗauko gizago. Wata da watanni ina taka keken ɗinkina, gizagonsa na amsa mini, har kaina ya saba da ciwo.

Ya ce kwale-kwale ne, na ɗansa. Wai duk ranar da za a koma, kada a koma hannu rabbana.

Gungumen ya shiga a tsaye kan gefensa siriri, da ƙyar. Da Baba ya fafe shi, ya gasa cikin da wuta ya buɗa bakin da sanduna, kamar yadda ake yi a can, sai ya yi faɗi. Mutumin da ya shekara hamsin yana sassaƙa a kan rairayi, inda ba katanga sai ruwa, bai taɓa auna ƙofa ba.

"Baba, ni ko rigar jariri sai na auna," na ce masa bayan ƙartin sun mayar da jirgin sun watse.

"Ke 'yata, ƙofarmu kogi ce. Wa ya taɓa auna ta?"

Na yi dariya, shi bai yi ba. Ya ce sabon jirgi in bai sha ruwa ba, rana za ta tsaga shi, kuma tsagagge ba ya gyaruwa. Mai gidan haya ya ce ko dutse ɗaya aka cire a ƙofarsa, su kwashe kayansu. Ga rani ya miƙe ƙafa, ga rijiyarmu tana can ƙasan gangare, sai an yi layi.

Sai Baba ya shiga lulluɓe jirgin da jiƙaƙƙun buhuna. Ruwan wankansa can yake zuwa. Surukarsa ta kama shi yana juye na shansa ma.

"Baba, don Allah. Itace zai sha, kai ka zauna da ƙishi?"

"Ni na sha nawa tun ina yaro."

Na fara miƙa bokiti ɗaya ta katanga kullum, ina mita ina miƙawa. Ya kan bi jikin jirgin da tafin hannu, ya ƙwanƙwasa, ya kara kunne. Sannan ya ɗaga kai ya dubi sama, ya yi tsaki.

Da zazzaɓi ya kwantar da shi, ya ƙi ɗaki. Aka shimfiɗa masa tabarma a inuwar jirgin. Ko a kwance ƙafarsa ba ta daina motsi ba. Na shiga gaishe shi, ban gama sallama ba ya tare ni.

"Ya tsage?"

"Bai tsage ba, Baba."

"Ke ba ki san itace ba. Ƙwanƙwasa in ji."

Na ƙwanƙwasa. Ya lumshe ido yana saurare, ya ce in matsa gaba, in sake. Haka na zagaye jirgin kaf. Tausayinsa ya kama ni har na kasa yi masa tsiyar da na saba.

Hadari ya yi ta haɗuwa yana watsewa. A irin wannan rana, iska na ta kwasar buhunan tana yarwa, Baba ya cika da hantsi. Ɗansa ya ce maganarsa ta ƙarshe, a mayar da buhun da ya faɗi.

Ruwan bai zo ba sai bayan mako. Ya sauka da la'asar kamar da bakin ƙwarya. Washegari na hau turmina. Ɗan yana tsugune, ya kwashe buhunan, yana bin ƙarƙashin jirgin da tafin hannu, daga hanci har gindi. Ya dubi hannunsa, ya ɗago ya dube ni.

"Yaya, ko ɗigo," ya ce.

Jirgin cike yake fal, ruwan na nan daidai baki inda ya kwana. Wani busasshen ganye ya faɗo ciki, iska na tura shi a hankali zuwa ɗaya gefen.