Bencin Aro

"Ku ɗaga ni in gani," in ji Malam Tobias.

Suwaiba maƙwabciyarsa ta sa hannu a bayansa, matarsa Dokas ta kama ɗaya gefen, suka jingina shi da taga. Duk ya rame sai ido. Daga nan ana hango firamaren unguwarsu ta Abbare, inda ya yi shekara talatin da ɗaya yana koyar da aji huɗu.

"Hajja, an ce za su dawo?"

"Haka na ji a rediyo, Malam," in ji Suwaiba. "Wai an sake ware miliyoyi a binciko yadda za a gyara makarantu."

"Bincike kuma!" Ya so ya yi dariya, tari ya hana shi.

Suwaiba ta sunkuyar da kai. Ai ba za ta manta da binciken farko ba, shekara uku ke nan. Madam Cynthia, shugabar makarantar, ta ce manyan baƙi na tafe, bai kamata su ga asirin unguwa a tone ba. Aka shiga aron benci gida gida. Coci ta ba da ashirin, Islamiyya goma, ita kanta Suwaiba ta kwashe huɗun rumfar masarta ta kai, har tana jin daɗin an fita kunya. Tobias kaɗai ya tsaya a ƙofar aji yana ɗaga murya, "Ku bari su ga yara a ƙasa mana!" Aka ce rigimar tsufa ce.

Baƙin suka zo da mota uku, suka ƙirga benci, suka sha lemo, ko awa ɗaya ba su cika ba. Da rahoto ya fito, sai ga shi wai makarantar ba ta buƙatar wurin zama, aka cire sunanta daga jerin waɗanda za a taimaka. Haba jama'a! Mutum ya ci kuɗin bincike, ya kasa leƙa ƙarƙashin benci ya ga sunan coci da jan fenti? Har yau 'yar Suwaiba kan buhun siminti take zama, kullum ta dawo da zani fari fat. Abin na cin ranta, don da hannunta a ciki.

"Hajja," in ji Tobias, ya riƙe mata gefen mayafi, "in sun zo, kar ki ba da benci. Ko ɗaya."

"Ba zan bayar ba, Baba."

Ranar Talata da hantsi ya sha kunun gyaɗa cokali biyu, ya ce ya ishe shi. Kafin Dokas ta dawo daga ajiye kofin, ya cika.

Jama'a kuwa sun zo, har daga Lau da Iware, yawancinsu shi ya koya musu rubutu. Duk wani bencin unguwa aka kwaso shi tsakar gidan don zaman makoki.

Ranar Alhamis Madam Cynthia ta shigo. Ta yi wa Dokas gaisuwa yadda ya kamata, sannan ta jawo Suwaiba gefe.

"Hajja, kwamitin binciken ya iso yau, a ara mana bencin nan. Awa biyu kawai, wallahi za a dawo da su."

Suwaiba ta ji kanta ya ɗau zafi.

"Madam, ƙasar kabarinsa ko bushewa ba ta yi ba! Wa za ki tayar? Matarsa?"

"Za su ce ban iya aikina ba."

"Su ce. Wancan karon da suka yaba miki, me yaran suka samu?"

Ba ta jira amsa ba. Ta juya ta kira matan da ke madafa, ta ce kowa ta bar tukunya ta zo ta zauna. Suka zo da ludayi a hannu, suka cike gurbin da ya rage. Dokas ta miƙe ƙafa ta gyara zama. Madam Cynthia ta tsaya jim, ta dubi agogo, ta fita hannu rabbana.

Can Suwaiba ta shiga ɗakin mamacin ɗauko tabarma. Tagar na nan a buɗe yadda ya bar ta. Ta hango farar mota a gindin mangwaron makaranta, da wani mutum mai kwat tsaye a ƙofar aji huɗu, takarda a hannu. Bai shiga ba, bai kuma rubuta komai ba tukuna. Ƙasa kawai yake kallo, inda yara ke zaune.

Ta jawo matashin Tobias, ta jingina shi da tagar.