Ɗan Gjertrud na Ƙarshe

...kuma ga ta can jikin katangar coci, ta kafe ni da ido. Gjertrud. Uwarka, Tollef. Ba ta san abin da ke cikin takardar nan ba. Ni na sani.

Doka ce, ni na yi ta? Kowace unguwar manoma ta ba sarki soja ɗaya, in ya mutu a kawo wani. Kai ka mutu. Saura ƙanenka Amund, shi kaɗai ke riƙe mata garma, kuma sunansa ne na bakwai a hannuna.

Na fara kiran sunaye. Na ɗaya, Halvor... muryata ce wannan?

Shekara talatin da ɗaya cikin jar rigar sojan nan ina jiran yaƙi. Kowace Lahadi an fito coci, hagu-dama a filin nan, ina zagin 'ya'yan mutane. Da aka ce a tsallaka ƙasar Suwidin yaƙi murna na yi, wallahi murna na yi! Sai ruwa, sai laka... takalma suka ruɓe a ƙafa, burodi ya ƙare, kuna kiwon jajayen 'ya'yan itacen daji kamar awaki. Harsashi? Ina ma harsashi ne. Zawo ne ya kwashe mini mutum arba'in, ban ko zare takobi ba.

"Kyaftin, don Allah kar inna ta ji yadda aka yi," ka ce, kana kwance cikin ƙazantarka a ɗakin ciyawar wani.

Na ce mata a tsaye ka faɗi, bindiga a hannu. Ta yi godiya. Har da man shanu ta aiko mini — kuma na ci, Tollef, na ci.

Na huɗu. Na biyar.

Sau biyu na rubuta wa kanar a bar mata Amund. Amsa layi ɗaya: a cika adadi. To in tsallake sunansa? Sajan na da irin takardar, fasto ma. Ko na tsallake, sai ɗan wa? Dubi matan nan jere cikin dusar ƙanƙara, wace ce a cikinsu ba uwa ba?

"Kyaftin ɗinmu ɗan halak ne," ina jin Gjertrud tana gaya wa ta kusa da ita. "Shi ya rufe wa Tollef ido."

Na shida ya amsa.

Amund ya zare hannunsa daga nata tun ban ce komai ba — ashe ya sani. Ita kuwa ko lura ba ta yi ba, ni take wa murmushi... bakina a buɗe, kowa jira yake, kuma babu wanda zai karanta sai ni.