Auta Yana Cikin Mota

Tun da aka kwantar da Umma a asibiti, Auta bai taka ɗakin ba. Kullum da hantsi zai kawo abinci da wankakkun zannuwa, ya ba mai gadi ya hau da su, shi kuma ya koma mota ya zauna har yamma. Ta tagar ɗakin ina hango rufin motarsa a jikin katanga.

Goggo, ƙanwar Umma, tuni ta yanke masa hukunci: ɗan zamani ne, warin asibiti yake ƙyama. Ni ma na zage shi a waya har bakina ya gaji. Daga baya ko haushin na daina ji. Ina juya Umma, ina goge mata baki, ina kallon ruwan da ake ƙara mata yana ɗiga, zuciyata shiru kamar an kashe rediyo. Likita ya riga ya ce mu kira na nesa. Kowa ya zo ya gan ta, saura na cikin mota. Duk wanda ya turo ƙofa sai Umma ta buɗe ido, ta duba, ta mayar ta rufe.

Wata rana na sauka sayen magani, ƙafata ta kai ni wurin motar. Na buɗe na zauna. Zagi kuwa duk na ƙarar da shi.

"Auta, me kake yi a nan duk yini?"

Ya dube ni yana jiran sauran. Babu saura.

"Tambaya ce kawai. So nake in sani."

"Tagarku nake kallo, Yaya. In labule a buɗe yake, na san tana nan."

"To me ya hana ka hawa?"

Ya daɗe yana murza sitiyari.

"Kin tuna Baba? Ana ta cewa yau ne, gobe ne, sai da na iso daga makaranta. Ina shiga ya kama hannuna, shi ke nan. Ita ma ni take jira. In ban shiga ba..."

Bai ƙarasa ba. Na buɗe baki zan yi masa wa'azi, na ga duk abin da zan faɗa ya fi ni sani. Ƙato da gemu, uban 'ya'ya, ya zauna yana tsaron ran uwarsa da ƙin hawa bene. Ya kamata in yi kuka ko dariya, ko ɗaya bai zo ba. Tausayinsa dai na ji, can ƙasa-ƙasa.

Na hau. Goggo ta taɓe baki.

"Mai ƙyamar ya tafi?"

Na sunkuya a kunnen Umma, na faɗa mata yadda Auta ya faɗa, ban rage komai ba.

Na zaci ba ta ji ba. Can leɓenta ya motsa.

"Sakarai," ta ce. "Ce masa ya hau. Na gaji."