Tokar Malam Labaran

"Ban yafe ba," in ji Malam Labaran.

Na ɗauka kunnena ne. Ina durƙushe a gaban katifarsa, hulata a hannu, na gama zuba maganar da na yi kwana uku ina shiryawa. Shi kuwa ga shi nan kwance, ƙafafu sun kumbura suntum, numfashi da ƙyar, amma bakin nan nasa yana nan daram.

Matarsa Inna Ishatu da ke bakin ƙofa ta ce, "Haba Malam! Ka ji tsoron Allah mana. Mutum ya tako har ɗakinka neman gafara, ka ce ba ka yafe ba?"

"Ina jin tsoronSa, Ishatu. Ai ban ce har abada ba. Akwai aikin da zai yi min tukuna."

Katanga ɗaya ce tsakanin gidana da nasa a Tudun Wada, yau shekara ashirin da shida. Ni Nagoda gyaran babur nake yi a bakin titi. Shi tsohon masinja ne, a harabar jami'a ta Kongo ya yi aiki har ya yi ritaya. Abin da ya haɗa mu ƙwallo ne, kulob ɗin unguwarmu, Taurarin Tudu. A da in suna wasa a filin firamare, sai ka ga mutane har kan katanga da rassan darbejiya. Malam Labaran ne mai zana layin fili. Kulob ba ta da halin sayen fenti, don haka gidan burodi yake zuwa ya kwaso toka, ya tankaɗe, ya bi filin yana zanawa. In babu layi alƙalin wasa ba zai busa ba, wannan kowa ya sani.

Sai kulob ta fara lalacewa. Masu ƙafa suka tafi Kaduna da Kano, saura kuwa ko akuya aka sa a gabansu sai ta yanke su. Muka koma gidan kallo, inda akwai fanka da ƙwallon Turai, kuma ni ne a gaba wajen janye mutane. Wata Lahadi da aka zuba wa Taurari ci shida da nema, Malam Labaran ya iso teburin mai shayi, tun daga hula har silifa fari fat. Bakina da ba ya shawara da ni ya ce, "Ku matsa wa mahaukacin toka ya zauna." Aka kwashe da dariya. Ya juya ya tafi.

Da a teburin maganar ta tsaya da sauƙi. Sunan ya bi shi. Yara suna kiransa da shi a lungu, har 'yan acaɓa kan ce a sauke fasinja a ƙofar gidan mahaukacin toka. Mutumin da ya girme ni da shekara goma sha biyar! Shekara huɗu tsakanina da shi sai sallama. Da na ji asibiti sun ce a dawo da shi gida, zuciyar ta gaji, wallahi abinci ya daina wuce min. Ba na son dattijon nan ya tafi da haƙƙinsa a wuyana.

"Ranar Lahadi wasan ƙarshe ne," ya ce. "Kai za ka zana min filin. In ka gama, akwai dutsen da nake zama a kai, bayan ragar gabas. Ka zauna a nan har busar tashi. Ko goma aka zura musu kada ka ɗaga."

"Malam, ai sun riga sun faɗa ƙaramin rukuni. Ko sun ci wasan nan ba abin da zai ƙara musu."

"Na sani. Shi ya sa ba wanda zai je."

Ya ɗaga yatsa ya nuna min kusurwar ɗaki, inda igiyar awonsa take a naɗe tare da wani gwangwani mai huda a gindi.

"Ka nemi George, ya san yadda nake yi. Kai kaɗai ɓarna za ka yi."

Malam George ɗan Wusasa ne, tsohon ma'aikacin asibiti, shi ke riƙe wa kulob akwatin magani. Shi da Malam Labaran ne kawai ba su taɓa fashin wasa ba. Ranar Lahadi da ya taso daga coci ya same ni a fili, rana tsaka, da buhun toka biyu da na ɗauro a babur. Na riga na fara. Gwangwanin farko da na girgiza, iska ta kwashe tokar ta watsa min a fuska, na tsaya ina tari ina tsine wa ƙwallo da wanda ya ƙirƙiro ta.

George ya yi dariya har da riƙe ciki. "Kai Nagoda, busasshiya ka zuba? Ai sai an yayyafa mata ruwa, ta yi danshi kamar garin dambu, sannan ta kama ƙasa. Kawo butar can."

Ya warware igiyar. Ashe kowane ƙulli da ma'anarsa: mai jan ƙyalle na da'irar tsakiya ne, mai baƙi na wurin bugun fenariti, mai shuɗi na gidan gola. Shi yana ja, ni ina bi a sunkuye. Kafin mu gama gefe ɗaya bayana ya riƙe. Shekara talatin da wani abu Malam Labaran yana wannan sunkuyo, ba wanda ya taɓa ba shi ko ruwan leda.

Muna cikin da'irar tsakiya wani ɗan acaɓa ya rage gudu a bakin titi ya ɗaga murya: "A'a! An samu sabon mahaukaci ke nan?" Ya ƙara wuta yana dariya. Na miƙe zan rama, sai na tuna daga bakin wa ya koya. Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba. George bai ko kalle ni ba, ya ce in ja igiyar ta miƙe.

Bayan La'asar alƙalin wasa ya zo ya zagaya filin. Ya tsaya a da'irata, wadda ta fi kama da ƙwai, ya girgiza kai, ya ce a buga haka nan. Na je na zauna a kan dutsen. Na ƙirga 'yan kallo, mu goma sha bakwai ne, har da mai rake.

'Yan kulob ɗin Hanwa aka karɓa, kuma ba su zo da wasa ba. Minti goma suka zura ɗaya. Ta biyu golanmu ne ya kama ya sake da hannunsa. Ta uku mai tsaron bayanmu ne ya taya su. Kafin a tafi hutun rabin lokaci mutum biyar sun sulale. Ni ma ƙafata sai ƙaiƙayi take, amma na danne.

Ana cikin hutun wayata ta yi ƙara. Sumaiya ce, babbar 'yar Malam Labaran.

"Baba Nagoda, numfashin Baba ya canza. Inna ta ce ku zo."

Na miƙe tsaye ban san na miƙe ba. George da ke gefena ya ji komai, ya riga ya rufe akwatinsa.

"Tashi mu tafi," ya ce. "Ka zana fili, ka ga rabi. Wa zai gaya masa?"

"Zai tambaye ni, George. Ka san shi. In ce masa me, a wannan hali?"

"In kuma ka je ka tarar ya cika fa?"

Abin da ke cin raina ke nan. In na tafi yanzu na karya abu ɗaya tak da ya roƙe ni. In na zauna, mai yiwuwa ba zan sake jin muryarsa ba, in ƙare rayuwata da "ban yafe ba" a kunne. Na koma na zauna a kan dutsen.

"Kai ka san aikin jinya, je ka," na ce. "Ka ce masa ina kan dutse."

Ban taɓa ganin minti arba'in da biyar mai tsawon wannan ba. Wayar tana hannuna, ina tsoron ta yi ƙara, ina tsoron shirunta. Aka zura mana ta huɗu ko a jikina. Duk wanda ya faɗi sai in daka masa tsawa ya tashi. Ƙwallo ta faɗa bayan katanga, ni da kaina na kusa tsallakawa in ɗauko. Da lokaci ya cika, alƙalin wasan nan, Allah Ya shirye shi, ya ɗaga yatsu huɗu wai ƙarin lokaci. Wasan da aka ci huɗu da nema, me za a ƙara a ciki?

A cikin ƙarin nan ne Kailani, wani siririn ɗan gaba da ke wankin mota a Tudun Jukun, ya karɓi ƙwallo a tsakiya. Ya yanke ɗaya, ya yanke biyu, ya ɗaga kai ya ga gola ya fito, ya ɗaga ta ta samansa. Ta faɗa raga a hankali. Sai jin ihu na yi, ashe nawa ne. Ina tsaye a kan dutsen ina kiran sunan yaron da ko sanina bai yi ba, hawaye na bin tokar da ke fuskata.

Ana busa tashi na haye babur. Yadda na iso gida ban sani ba. Na tsaya a zaure na kasa kunne, ban ji kuka ba. Alhamdu lillahi! Na yi sallama na shiga.

An jingina shi da matashi biyu, George na riƙe da wuyan hannunsa, Inna Ishatu da Sumaiya na gefe. Idonsa a rufe, amma da ya ji motsina ya buɗe. Ya dube ni sama da ƙasa.

"Busasshiya ka fara zubawa," ya ce, muryar can ƙasa.

"Haka ne, Malam."

"Nawa?"

"Huɗu da ɗaya."

"Ɗaya?" Girarsa ta ɗaga. "Wa ya ci?"

"Kailani. A ƙarin lokaci."

"To ka tsaya ke nan." Ya ja numfashi da ƙyar. "Nagoda, tun ranar Alhamis na yafe maka, kafin ka gama cire hula. So nake yaran nan su waiga bayan raga su ga mutum. Ni ma ka yafe min wahalar da na ba ka."

Wani abu da ya tokare min ƙirji shekara huɗu ya sauka. Na kama hannunsa na ce na yafe, duniya da lahira, ban ma san me nake yafewa ba. Inna Ishatu ta ce, "Ka ji shi ko? Har yau bai daina ba." Tana dariya tana share ido da gefen mayafi.

"Ba ni labarin ƙwallon," ya ce. "Tun daga inda ya karɓa."

Na fara, ina ja a hankali. Na kai inda Kailani ya yanke na biyu, sai George ya dafa kafaɗata. Inna Ishatu ta matso kusa da kunnensa tana kalmar shahada, leɓɓansa suna bi. Ya maimaita sau biyu a fili. Ladan na kiran Magariba Malam Labaran ya cika, fuskarsa a sake kamar wanda ya samu barci bayan doguwar tafiya.

Na fito in sanar da maƙwabta. A zaure na tarar da 'yan wasan Taurari zaune a kan tabarma, da rigunan wasansu jiƙe da gumi. Daga fili suka biyo su gaishe shi, ba su san abin da ya faru ba tukuna. Kailani ya miƙe yana tambayata ya mai jiki. A bakin ƙofa takalman ƙwallonsu ne a jere a jikin bango, wasu an ɗaure bakinsu da roba.