Rugugin Lancaster a Kan Gidan Wilf

"Me kake ɓoyewa a cikin shingena, Clive?"

Ya zabura, saura ƙiris ya faɗa kan furannina. A tsugune yake da wata baƙar lasifika a hannu, waya ta biyo shi tun daga kicin ɗinsu.

"Sassauta murya mana, Hilda. Baba zai ji."

"Wilf ido ya rasa, kunnensa ya fi naka. Na ce me kake yi?"

Ni dai ban taɓa yarda da Clive ba. Tun da likita ya ce maƙwabcina Wilf Tasker ba zai ga ƙarshen bazara ba, surukin nan nasa ya tare a gidan, kuma na sha hango shi ta taga yana auna faɗin gareji da taku. Dillalin gidaje ne, to me kuke so in zata? Matarsa Maureen, 'yar Wilf ɗaya tilo, ba ta da aibu, saurin kuka ne kawai ya yi mata yawa.

Ranar Asabar ce, ranar bikin ƙauyenmu, kuma an yi alkawarin Lancaster zai ratsa ta kanmu da ƙarfe uku. A nan Lincolnshire, yankinmu na ƙasar Ingila, ba a tambayar mene ne Lancaster. Tsohon jirgin yaƙin nan ne mai inji huɗu, wanda in ya taso maza ke fitowa da kumfar aski a fuska, mata su bar tukunya a wuta. Wilf kuwa nasa ya wuce na kowa. Yana ƙaramin yaro, lokacin yaƙin duniya na biyu, ya tsaya a bakin shingen filin jirage ya ga wansa ya tashi a cikin irinsa, kuma bai dawo ba. Tun hunturu yake cewa shi dai ya kai ranar biki, a tura shi lambu ya ga inuwar jirgin, don idonsa yana iya rarrabe baƙi a cikin hasken sama.

"An fasa zuwan jirgin," in ji Clive. "Iska ta yi yawa, ba sa tayar da shi a irin wannan iskar. Maureen ta kasa faɗa masa. Na samo ƙarar jirgin a wayata, za mu ce gajimare ne ya rufe shi."

"Ƙarya za ku yi wa mutum yana bakin kabari?"

"Taimako ne. Ke dai ki yi shiru."

Na shiga gidan Wilf don in gani da idona. An sauko da gadon Wilf falo, gab da taga, ƙananan jiragen da ya haɗa da hannunsa suna lilo a zare daga rufi. Maureen ta ce masa nas ta hana a fitar da shi saboda sanyi, amma ga taga a buɗe. Ya yi tsaki.

Ƙarfe uku na bugawa rugugi ya taso daga lambu. Gaskiya ni da ban sani ba, da na yarda. Wilf ya ɗago kai, bakinsa ya buɗe, ya damƙi bargo. Can sai na ga fuskarsa ta sauya.

"Maureen."

"Na'am, Baba. Ka ji shi ko? Gajimare ne ya..."

"Wannan jirgin a ƙasa yake. Ɗumama inji yake yi, ko birki ba a sakar masa ba. Yaushe aka gina filin jirgi a lambun Hilda?"

Maureen ta fashe da kuka. A waje ƙarar ta yanke ɗif.

"Kun ɗauka ƙwaƙwalwata ma ta mutu," ya ce. "Hilda, kina nan? Ina jin ƙamshin sabulunki. Da ke aka haɗa baki?"

"Na hana su, Wilf."

"Kin hana, sannan kika zo kika zauna kallo."

Maganar ta yi mini zafi.

Daga ranar ya daina yarda da kowa. In an kawo shayi sai ya shinshina, ya tambayi me aka zuba. In nas ta ce jikin da sauƙi, ya ce nawa Clive ya ba ta. Da aka buɗe ƙofar gareji don ɗauko tsintsiya, cewa ya yi an fara kwashe masa kaya, kuma a wannan kam ban ga laifinsa ba, ni ma sai da na leƙa.

Clive bai ƙara shiga falon ba. Kullum yana bakin mota da waya a kunne, yana magana ƙasa-ƙasa. Na ce a raina, to, cinikin gida ya kankama. Ran Talata da yamma sai ga shi a ƙofata.

"Na samu mutanen jirgin. Gobe da hantsi za su wuce zuwa wani taro a kudu, sun yarda su karkato ta kan layinmu. Ni ba zai saurare ni ba. Ki faɗa masa."

"Wace ƙaryar ce kuma?"

"Kira su da kanki."

Na kuwa kira, don ba zan ɗauki maganarsa haka kawai ba. Gaskiya ya faɗa.

Da safe sama ta yi wasai, ko ganye ba ya motsi. Clive ya kai keken marasa lafiya tsakiyar lambu, ya shimfiɗa masa jan bargo. Maƙwabta suka fito titi da madubin hangen nesa. Na zauna a gefen gadon Wilf. Ya rame ƙwarai, numfashi da ƙyar.

"Yau na gaske ne, Wilf. Ni na yi magana da su. Bari a ɗauke ka."

"Ke ma sun saye ki."

"Haba Wilf! Shekara nawa muna katanga ɗaya, na taɓa yi maka ƙarya?"

"Ba za ku kai ni waje in ɗaga wa lasifika hannu, mutanen layi guda suna yi mini dariya ba."

"Baba, don Allah," in ji Maureen, ta kama kafaɗarsa.

Ya riƙe ƙarfen gado da ɗan ƙarfin da ya rage masa, ya juya fuska bango.

Sai ga rugugin. Ya fara daga nesa ta gabas, ya yi ta kumbura har na ji shi a ƙirjina. A titi aka ɗauki ihu da tafi. Ta taga na ga inuwar jirgin ta ratsa lambun, ta hau katanga, ta wuce. Clive ya rugo ya tsaya a bakin tagar yana ɗaga tafukansa biyu, wai a ga babu komai a hannunsa, ya manta wanda yake nuna wa ba ya gani.

Rugugin ya yi kudu, ya yi ta raguwa har ya ɓace. Wilf bai juyo ba. Hawaye ne ke gangarowa cikin kunnensa.

"Wannan karon Clive ya yi ƙoƙari," ya ce a hankali. "Ku ce masa ya kashe lasifikar haka nan."

Bai sake magana ba. Da la'asar ya cika, Maureen na riƙe da hannunsa.

Washegari da na fito shanya, keken yana nan tsakiyar lambu inda aka bar shi, yana fuskantar gabas, raɓa ta jiƙe jan bargon.