Sunan da Ba Na Faɗa

Ni Gwadabe ne, mai gyaran keke a Tudun Wada, kan hanyar da ta miƙe Kongo. Bokona na ajin yaƙi da jahilci ne, saboda haka wanda ya ga karkace a rubutun nan ya yi haƙuri ya wuce. Maganar dai ba karkatacciya ba ce.

Ina da ɗa na fari. Ba zan kira sunansa ba, za ku ji shi a bakin wasu. Haka muka taras a gidanmu: uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya yabonsa, ba ya nuna ya damu da shi a gaban mutane. Ubana har ya koma ga Allah bai taɓa kiran sunan yayana Nagoda ba, kuma ba wanda ya ce ba ya son sa. In ina neman yaron sai in ce "kai" ko "wancan". Uwarsa Lauratu ta fi ni ma, ita ko kallonsa ba ta yi in da baƙo a gida.

A shekarar 1953 ya gama aji huɗu, aka zo jarrabawar shiga makarantar Midil. A makon nan ciwon ido ya game unguwa. Ranar jarrabawar ya tashi idanunsa sun kumbura, sun yi ja kamar gauta, kwantsa ta liƙe su, sai da aka jiƙa tsumma da ruwan ɗumi kafin ya buɗe su. Tambayoyin kuwa a allon bango aka rubuta su da alli. Shi dogo ne, aka kai shi can baya. Ya ɗaga hannu ya ce ba ya gani, mai tsaron jarrabawa ya ce a yi shiru. Ya yi shiru. Ya faɗi.

Shekara huɗu yaro na tashi da asuba yana tafiya, a zo a auna shi da safiya ɗaya, safiyar ma wadda ba shi da ido. Ko ni da ban yi karatu ba, in aka kawo mini keke ba na duban taya ɗaya in ce a jefar da shi. Raina ya ɓaci, amma ban je makarantar ba. Ba aikina ba ne. Baffansa Nagoda shi ke da bakin magana a kansa, shi kuwa yana Jos wajen haƙar kuza.

Wata Talata da hantsi ina faci, rumfata cike da mutane. Ga Salmanu tela, ga Ogbonna maƙwabcina mai sayar da kayan keke, ga masu jiran a gama musu aiki. Sai ga mota ta tsaya. Baturen makaranta ne ya fito, wani sabon zuwa, saurayi siriri da yara ke kira Mai Lofe saboda lofen taba da ba ya rabuwa da shi. Ya yi sallama, ya gaishe mu da Hausa tsaf, har da "ina gajiya" da "yaya iyali". Sa'an nan ya dube ni.

"Kai ne uban Muntaka?"

Sai na ji kamar an tuɓe mini riga a kasuwa. Na duƙar da kai na ce, "Haka mutane ke cewa, ranka ya daɗe."

"Yaya yake a gida? Yana da ƙoƙari?"

"Wa, wancan? Ina fa ƙoƙari. Ci da barci."

"Yana son karatu?"

"Oho masa."

"Kai kana so ya ci gaba?"

"Ni ba ruwana da shi, ranka ya daɗe. Yana da baffa."

Salmanu ya gyaɗa kai, sauran ma haka, don sun san na amsa yadda ɗan mutunci ke amsawa. Bature ya ce ya gode, ya shiga motarsa ya tafi. Ogbonna kaɗai ya tsaya yana kallona, baki buɗe.

Da la'asar sai ga Malam Kailani, hedimastan makarantar, ya zo a kan kekensa, ko jingine shi bai yi ba, ya sake shi ya faɗi.

"Gwadabe, me ka gaya wa Bature?"

"Abin da ake gaya wa kowa, Malam."

"Ka kashe ni! Ni na je na same shi. Na ce masa Muntaka bai taɓa sauka daga na ɗaya ko na biyu ba. Na ce lokacin da malamin aji ɗaya ya kwanta ciwo, shi na sa ya riƙe mini ƙananan har damina ta wuce, kuma duk sun iya baƙi. Da ƙyar na shawo kansa ya yarda takardar rana ɗaya ba ta isa ba. Gurbi ɗaya ya rage a Midil, ya ce zai bincika da kansa kafin ya bayar. To, ya bincika. Ya ce uban yaro da bakinsa ya ce malalaci ne, kuma ba ya so ya ci gaba."

"To, kai ba ka da baki? Ba ka gaya masa ɗan fari ba ne?"

"Na gaya masa! Ya ce shi ya ci jarrabawar Hausa, ƙarama da babba, ya san abin da ya ji da kunnensa. Ya ce ni malami ne, dole in kare ɗalibina, amma uba ba ya yi wa ɗansa ƙage."

Na jefar da sifana har ta doki kwanon rumfa. Wato ya ci jarrabawar Hausa! An ba shi takarda an ce ya iya, ya zo ya tsaya a gabana ya ji kowace kalma, bai gane ko ɗaya ba. Yaron da ya iya an ce ya faɗi, wanda bai iya ba an ce ya ci, kuma shi ne alƙali.

Ogbonna ya leƙo daga shagonsa ya ce, "Malam Gwadabe, ku dai kuna da abin mamaki. Ni ranar da aka haifi ɗana na fari Chukwuka har tashar jirgi na je ina gaya wa mutanen da ban sani ba. Kai an zo har ƙofarka ana tambaya, ka ce ci da barci."

"Ogbonna, koma ka ƙirga sholishon facinka."

"Zan koma. Amma in ba ka son yaron ka ba ni, ina da wurin sa shi."

Malam Kailani ya ɗaga kekensa ya kakkaɓe sirdi. Ya ce, "Gobe da hantsi zai rufe magana ya ba wani. Nagoda ba zai iso daga Jos ba. Maganarka ce ta ɓata, maganarka ce za ta gyara. Sai ka je da kanka."

"In je in yabe shi? A ofis? A gaban akawuna?"

"Ko ka je, ko ya zauna nan yana miƙo maka famfo har ya yi furfura."

Da na shiga gida Lauratu ta dire mini tuwo har miya ta fantsalo. Ba ta dube ni ba ta ce, "An ce gobe za a rufe wata magana."

"Me ya dame ki da ita?"

"Ni? Ba abin da ya dame ni. Na dai wanke maka babbar riga."

Da gari ya waye na sa rigar. Duk hanya ina tafe ina zagi a zuci, na zagi mai tsaron jarrabawa, na zagi allon bango, na zagi wanda ya fara ƙirƙiro abin. A ƙofar ofis na taras da Mahmudu masinja, ɗan unguwarmu, mutumin da in ya ji magana da safe kafin azahar an ji ta a Dutsen Abba. Ya ce in jira. Na ce ban zo jira ba, na ture shi na shiga. Akawuna biyu suka ɗago kai. Bature yana zaune da lofensa.

Na cire takalmi, amma ban durƙusa ba. Na ce, "Ranka ya daɗe, jiya ka zo ka yi mini tambayar da ba a yi wa uba."

Ya ce, "Na tambaye ka, ka ba ni amsa."

"Na ba ka amsar da ake bayarwa. Ɗan fari ne. Ko sarautar duniya aka ba shi, ci da barci zan ce. Duk wanda ke rumfar nan ya gane, kai kaɗai ne ba ka gane ba."

Fuskarsa ta yi ja. Ya ajiye lofe ya ce, "To, jiya ka faɗi ɗaya, yau ka zo da wata. Wacce zan ɗauka? Wane yaro ma kake magana a kai? Akwai yara da yawa a gabana."

Ban sani ba ko da gangan ya yi. Na waiwaya, ga Mahmudu ya toshe ƙofa da kunnuwansa a buɗe, ga akawuna sun ajiye alƙalami. Na tuna ubana. Sa'an nan na tuna yaron zaune can baya yana murza ido, an ce masa ya yi shiru.

Na ce, "Muntaka. Muntaka nake faɗa. Ɗana ne, ni na haife shi."

Mahmudu ya ce, "La'ilaha illallahu!"

Da bakina ya buɗe kuma sai ya ƙi rufuwa. Na ce yaron nan shi ya koya mini haɗa baƙi lokacin da malamin yaƙi da jahilci ya gaji da ni, a ƙasa yake zana mini da tsinke, ya yi kamar wasa yake don kada in ji kunya. Na ce ban taɓa tashinsa makaranta ba, shi ke tashin ƙannensa. Na ce ina so ya yi karatu, ina so fiye da yadda nake son idona. Duk da ihu na faɗe su, kamar mai faɗa, don ban san yadda ake faɗarsu a hankali ba.

Bature ya ce, "Duk da haka, ya faɗi jarrabawa."

"Ka tambayi takarda, ta gaya maka abin da ta gani a safiya ɗaya. Ka tambaye ni, ba ka ji abin da na ce ba. Shi fa? Ka taɓa zuwa ka gan shi? Makarantar nan ga ta nan, ko mota ba ka bukata. Ka je a ba shi ajin ƙananan, ka zauna ka kalla. In ka ga malalaci, ka ba wanda kake so."

Ɗaya daga cikin akawunan ya ce, "Malam, ka san da wa kake magana kuwa?"

Na ce, "Da wanda ya ci jarrabawar Hausa."

Na ɗauka za a kira mini ɗan doka. Sai na ga Bature ya miƙe ya ɗauki hularsa.

Na bi shi a baya, amma ban shiga harabar makarantar ba. Na tsaya a gindin mangwaro, na kifa keken Malam Kailani da ke jingine can ina juya sarƙa, alhali ba abin da ya same ta. Daga nan ina jin muryar yaron ta taga, yana faɗa ƙananan na amsawa. Wata yarinya ta kasa, aka yi mata dariya, na ji ya tsawatar, ya sake ɗauko mata daga farko har ta faɗa daidai. An daɗe. Da Bature ya fito ya dai ɗaga mini hula ya wuce. Malam Kailani ya biyo bayansa, ya zo ya karɓi kekensa ya ce, "A nema masa akwati."

An ba shi gurbin. Kada wani ya ce in yi godiya, ban ga abin godiya ba. Abin da aka yi a ƙarshe shi ya kamata a yi tun farko, ba sai na je na zubar da kunyar gidanmu a gaban akawuna ba. Kuma shekara na zagayowa aka ɗauke Mai Lofe aka kawo wani, aka koma safiya ɗaya da allon bango. Ɗan Salmanu ya shiga da zazzaɓi ya faɗi, ba wanda ya je ya kalle shi.

Mahmudu kuwa bai ba ni kunya ba, kafin azahar Tudun Wada duk ta ji. Tsofaffi suka yi ta cewa boko ya shiga kan Gwadabe. Nagoda ya aiko daga Jos a tambaye ni ko shi ya mutu ne. Yaron ma ya ji, na san ya ji, don tun daga ranar in zai gaishe ni sai ya durƙusa can nesa, kansa a ƙasa, ni ma in dubi wani wuri.

Ranar da zai tafi ban raka shi ba. Ina rumfa ina faci ya zo wucewa da akwatinsa a ka, ya tsaya ya ce, "Baba, zan tafi."

Na ce, "Kai, wancan, in an kai ka baya ka ce ba ka yarda ba."

Ya ce to, ya wuce. Ogbonna ya bari sai da ya yi nisa, sa'an nan ya leƙo ya ɗaga murya yadda duk layin zai ji.

"Baban Muntaka! A kawo sholisho ne?"

Na wurga masa tsohuwar taya. Har yau da sunan yake kirana, kuma har yau ban amsa ba.