Bangon da Sauda Za Ta Kalla

"Matsa da ni kusa," in ji Dodo.

Muktari tela ya ja katifar da Dodo ke jinya a kai har gindin bango. Shekara talatin suna maƙwabtaka a Tawa, yau kuma kwana shida ke nan ana ta da shi daga kan keken ɗinki ya zo kallon fenti. An shafa launi biyu a bangon falo, kowanne faɗin faifai. Mai shagon fenti ya ce na dama ruwan madara ne, na hagu ruwan ƙasa mai haske.

"To, tela, wanne?"

"Wallahi, Malam Dodo, duka awa kunun gero nike ganinsu."

"Kai da ka zaɓa ma amare zare! Na dama akwai ruwan ƙwai ciki. Diba da kyau."

Tun makon jiya ne likita ya ce a mai da Dodo gida ya huta. Dodo ya gane maganar sarai, ya aika aka sayo ƙananan gwangwanaye biyu.

Sauda, matarsa, ta shigo da kofin magani. "Malam, bar wagga magana ka yi salati."

"Tun asuba nike yi. Ke za ki zamna takaba ɗakin ga wata huɗu da kwana goma kina kallon bango. In bar miki shi da zanen yoyo? Mata su zo gaisuwa su ce mi?"

"Su ce Allah shi jiƙanka."

"Su hwaɗa gaban bango mai kyau. Zaɓi guda."

"Ni ban ga bambanci ba."

"Shekara arba'in ke nan haka muke fama."

Ranar Laraba da hantsi ya ɗaga hannu ya nuna bango, ya yi kalmar shahada, ya cika. Muktari yana zaune ta wajen kai, ya rantse na dama aka nuna. Attahir, ƙanen mamacin da ya zo daga Barmu, yana ta wajen ƙafafu, ya ce na hagu. Har a hanyar dawowa daga maƙabarta sun ɗan taɓa maganar ƙasa-ƙasa.

Bayan sadakar arba'in Muktari ya yi sallama a bakin ƙofa da buroshi a hannu. Ya ce ko wanne ne, ya zo ya shafa a huta.

"Bar shi haka nan, Muktari," in ji Sauda daga bayan labule. "Ashe na dama akwai ruwan ƙwai. Da la'asar shika hitowa."

Ya tsaya ya leƙa. Rana ta shigo ta taga ta kwanta a bangon, tabarmar Sauda na shimfiɗe daidai tsakanin launukan biyu.